Mindar: Mutum-mutumin da ke Wa'azi a Kyoto

Mindar mutum-mutumi ne da aka girke a Kodaiji, wurin ibadar mabiya addinin Buddha na ɗariƙar Zen a birnin Kyoto na ƙasar Japan. An fito da shi bainar jama'a a shekarar 2019. Farfesa Hiroshi Ishiguro na Jami'ar Osaka ne ya jagoranci ƙera shi, aikin kuwa ya ci kimanin yen miliyan 100. Tsayinsa santimita 195 ne. An lulluɓe fuskarsa da hannayensa da roba mai kama da fatar mutum, sauran jikin kuma aka bar ƙarfensa a fili. An yi shi ne da sunan Kannon, wanda mabiya addinin ke ɗauka ma'abocin tausayi, kuma yakan yi wa'azin minti 25 a kan nassin Hannya Shingyo.

Lokacin da aka ƙaddamar da shi, Mindar ba ya tunani, ba ya amsa tambaya. Abin da aka tsara masa kawai yake maimaitawa. Duk da haka ya tayar da muhawara mai nauyi: shin koyarwar addini tana bukatar mai rai ya isar da ita? Jagororin Kodaiji suna ganin tun dā ana sassaƙa gumakan Buddha da itace da tagulla, don haka wanda ke motsi yana magana ci gaban wannan al'ada ne. Ra'ayin yana da saiwa a Japan. Tun a 1974 masanin mutum-mutumi Masahiro Mori ya yi rubutu yana cewa na'ura ma tana iya ɗauke da ɗabi'ar Buddha, kuma wurin ibada na Kofukuji da ke Isumi yana yi wa karnukan na'ura na Aibo na kamfanin Sony jana'iza idan sun lalace.

A addinan da suka ɗora darajar ɗan Adam a kan ruhin da Allah ya ba shi, lamarin ya fi tsauri. A 2017 wata majami'ar Furotesta ta baje kolin BlessU-2 a Wittenberg ta Jamus, na'urar da ke sa wa mutane albarka, da gangan don a tattauna ko albarka na iya fitowa daga inji. A Janairun 2025 fadar Vatican ta fitar da takardar Antiqua et Nova, wadda ta bambanta hankalin mutum da ƙirƙirarriyar basira, ta kuma bar alhakin kowane hukunci a wuyan mutum.

A Musulunci gaɓar da ta fi muhimmanci ita ce niyya da taklifi. Ana amfani da mutum-mutumi a Masallacin Harami wajen yi wa mahajjata jagora da amsa tambayoyinsu, domin wannan hidima ce. Limanci kuwa ibada ce, ibada kuma ba ta inganta sai daga mai hankali da ya ƙulla niyya, wanda za a yi wa hisabi. Malaman fiƙihu sun fuskanci makamanciyar mas'alar tun zamanin kaset, inda mafi yawansu suka ce kiran sallar da aka naɗa ba ya maye gurbin ladani, komai daɗin muryar. Wannan hukunci ne ya fi kusa da a yi ƙiyasi a kansa game da na'ura irin Mindar.