Ribar Da Ba Ta Kuɗi Ba: Nazari Kan Labaran Ƙungiyar Green Bay Packers Da Magoya Bayanta

Gabatarwa

Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da wanda ake bugawa a filayenmu. Ƙwallonsu doguwa ce mai siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa, kuma 'yan wasa sha ɗaya-sha ɗaya ne ke karo da juna cikin hular kwano da sulke. Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32, kuma tun daga 2021 kowace ƙungiya wasa 17 kawai take yi a kakar da aka saba, daga Satumba zuwa farkon Janairu. Mai goyon baya yana ganin ƙungiyarsa a fili kwana 17 ke nan cikin 365, sai ɗan ƙari idan ta kai zagayen kifa-ɗaya-ƙwala. Sauran kwanakin da labari ake cika su: wa ya ji rauni, wa aka saya, wa ya yi fushi da koci, nawa aka biya wane.

Wannan nazari ya ɗauki Green Bay Packers ta jihar Wisconsin domin duba yadda labarin yake gudana. Dalilin zaɓenta shi ne, ita kaɗai ce a NFL da ba ta da uban gida attajiri, magoya baya ne ke riƙe da hannun jarinta. Abin da za a nuna shi ne wannan hannun jari ba ya kawo kuɗi, ba ya ba da ikon yanke hukunci, abin da yake bayarwa shi ne haƙƙin a sanar da kai.

Ƙungiyar da jarida ta yi wa wankan jego

A 1919 mutum biyu suka kafa Packers: Earl "Curly" Lambeau, matashin ɗan wasa, da George Whitney Calhoun, editan wasanni na jaridar Green Bay Press-Gazette. Kamfanin sarrafa nama da Lambeau ke wa aiki, Indian Packing Company, shi ya ba da kuɗin riguna, daga nan sunan ya samo asali. Tun ranar farko ke nan ɗan jarida yana cikin gida. Calhoun yakan rubuta labarin wasa, yakan kuma zagaya da hula cikin 'yan kallo yana karɓar taimako. Mai ba da labari da mai neman kuɗin ƙungiya mutum ɗaya ne.

Ƙungiyar ta shiga gasar ƙwararru a 1921, amma kuɗi suka yi ta yanke mata. A 1923 'yan kasuwar garin, da Andrew Turnbull na jaridar a gaba, suka mayar da ita kamfanin jama'a wanda ba na neman riba ba, aka sayar da hannun jari kan dala 5. An sake sayarwa a 1935 da 1950 domin ceto ta daga durƙushewa, sannan a 1997 da 2011 da 2021 domin gyaran filin wasa. A 2021 kowane hannun jari dala 300 ne, kuma yau masu riƙe da shi sun haura 500,000, alhali mutanen birnin Green Bay ba su fi 107,000 da 'yan kai ba.

Sharuɗɗan takardar suna da ban mamaki. Ba a raba riba. Ba a kai ta kasuwar hannun jari. Darajarta ba ta hawa. Ba ta ba mutum tikitin shiga fili. An kuma hana kowa mallakar fiye da hannun jari 200,000, don kada wani ya wayi gari ya ce gidan nasa ne. Abin da mai takarda ke samu shi ne ƙuri'ar zaɓen kwamitin daraktoci da gayyata zuwa taron shekara-shekara da ake yi a watan Yuli a Lambeau, filin wasan ƙungiyar. Dokokin NFL na yanzu sun hana irin wannan mallaka, an bar wa Packers tata ne don ta riga dokar zuwa.

Taga ɗaya tilo

Saboda wannan tsari, Packers ce kaɗai ke bayyana lissafin kuɗinta ga jama'a duk shekara. Sauran ƙungiyoyi 31 dukiyar masu su ce, ba wanda ke leƙa littafinsu. Shi ya sa rahoton Green Bay kan zama labarin ƙasa baki ɗaya: NFL tana raba kuɗin talabijin daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi, don haka idan aka ji kason Packers an ji na kowa. Rahoton 2024 ya nuna kason ya haura dala miliyan 400.

Wannan rabon daidai, wanda ya kankama a farkon shekarun 1960 zamanin shugaban gasar Pete Rozelle, shi ne ƙashin bayan rayuwar ƙungiyar. A 1994 aka ƙara da iyakar albashi, wato adadin da ba ƙungiyar da za ta wuce wajen biyan 'yan wasa, wanda ya kai dala miliyan 279.2 a 2025. Da waɗannan biyu ƙaramin gari ke iya ja da New York da Chicago. Su ne kuma suka sauya irin labarin da magoya baya ke bi. Mai goyon bayan Packers na yau yana muhawara kan kwantiragi da ragowar kuɗin da ke ƙarƙashin iyaka kamar akawu, domin ya san duk dalar da aka ba wani gwarzo an hana wani.

Akwai kuma abin da mallakar jama'a ta kawar daga labaran garin, wato fargabar ƙaura. Magoya bayan Cleveland sun ga an kwashe ƙungiyarsu zuwa Baltimore a 1996. Rams ta bar St. Louis a 2016, Chargers ta bar San Diego a 2017, Raiders ta koma Las Vegas a 2020. A duk waɗannan wurare barazanar tashi ta daɗe tana cin shafukan jaridu. A Green Bay ba mai wannan barazana, domin ko an sayar da ƙungiyar kuɗin gidauniyar agaji za su tafi, ba aljihun kowa ba.

Kalandar da ba ta da rani

NFL ta tsara shekara ta yadda kowane wata yana da abin faɗa. Bayan wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairu sai gwajin ɗaliban jami'a a Indianapolis, inda ake auna gudu da ƙarfi. A Maris kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare ke buɗewa. A ƙarshen Afrilu ake zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye bakwai cikin kwana uku. A Mayu ake fitar da jadawali, a ƙarshen Yuli a shiga sansanin horo, a ƙarshen Agusta a tankaɗe 'yan wasa daga 90 zuwa 53.

Zaɓen Afrilu ya isa misali. Ba a buga ƙwallo ko sau ɗaya, sunaye kawai ake karantawa daga kan dandamali. Duk da haka, da aka kawo bikin Green Bay a 2025, mahalarta sun kai kimanin 600,000 cikin kwana uku. A daren farko Packers ta ɗauki Matthew Golden, mai cafke ƙwallo na farko da ta zaɓa a zagayen farko tun 2002, abin da magoya baya suka shekara ashirin da wani abu suna ƙorafi a kai. Ihun da ya tashi a wurin ihun jin labari ne.

Cikin kaka kuwa, rahoton rauni ne abincin mako. Doka ta tilasta wa kowace ƙungiya ta bayyana wanda ya yi atisaye da wanda bai yi ba, ranakun Laraba da Alhamis da Juma'a idan wasan na Lahadi ne, sannan ta faɗi wanda ake shakka a kansa da wanda ba zai buga ba. Asalin dokar ya koma 1947, lokacin da shugaban gasar Bert Bell ya so toshe ƙofar 'yan caca masu sayen sirri bayan abin kunyar da ya faru a wasan ƙarshe na 1946. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi hanyar halatta cacar wasanni a 2018, wannan ɗan rahoto ya zama kaya mai tsada. Nan ake ganin cewa ba duk labarin da mai goyon baya ke ci don shi aka dafa ba.

Bakuna huɗu, labari ɗaya

Labarin ƙungiya ta bakuna huɗu yake fitowa, kowane da inda ya karkata. Na farko bakin ƙungiyar ne, da marubutanta da masu ɗaukar hotonta. Yana da kusanci da 'yan wasa fiye da kowa, amma mai biyan albashi ba a yi masa tonon silili. Na biyu 'yan jaridar gida ne, irin na Press-Gazette da Milwaukee Journal Sentinel, masu zuwa atisaye kullum. Suna da 'yancin suka, sai dai gobe ma ɗakin nan za su koma neman hira, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na uku manyan masu tsegumin ƙasa ne a gidajen talabijin irin su ESPN, waɗanda wakilan 'yan wasa da manajoji ke raɗa wa magana don wata manufa tasu. Na huɗu, wanda ya fi sabunta, ɗan wasan ne da kansa.

Rikicin madugan ƙungiyar biyu ya nuna yadda nauyi ya koma daga wannan baki zuwa wancan. Madugu a nan shi ne kwatabak, mai jefa ƙwallo da jagorancin hari. Brett Favre ya riƙe matsayin daga 1992. A Maris 2008 ya yi ritaya da hawaye a gaban 'yan jarida, da bazara ta yi nisa ya ce ya fasa. Manajan ƙungiyar Ted Thompson ya tsaya kan Aaron Rodgers, wanda aka zaɓa a 2005, aka tura Favre New York Jets a Agusta. Garin ya rabu biyu, har Rodgers ya sha ihun ƙyama a filin atisaye. A Fabrairun 2011 shi ya ciyo Super Bowl a kan Pittsburgh Steelers da ci 31 da 25.

Shekara goma sha biyu bayan tafiyar Favre abin ya maimaita kansa. A 2020 manaja Brian Gutekunst ya zaɓi Jordan Love a zagayen farko, Rodgers na nan da ƙarfinsa. Ranar zaɓen 2021, Adam Schefter na ESPN ya fasa ƙwan cewa Rodgers ba ya son komawa. Ya koma, ya kuma ci kyautar gwarzon gasar a kakar 2021 kamar yadda ya ci a 2020. Amma a Maris 2023 bai jira taron manema labarai ba, a shirin Pat McAfee ya faɗi da bakinsa cewa Jets yake nufi, kuma a Afrilu aka kammala cinikin. A zamanin Favre 'yan jarida ne ke tsakanin ɗan wasa da jama'a. A zamanin Rodgers su ma kallon shirin suka yi kamar kowa, suka rubuta abin da suka ji.

A duka rikicin biyu, masu hannun jari ba su yanke komai ba. Ba wanda ya nemi ƙuri'arsu kan Favre ko Rodgers. Daraktocin da suke zaɓa su ke fitar da kwamitin zartarwa na mutum bakwai, shugaban kwamitin ke wakiltar ƙungiyar a taron masu ƙungiyoyi, ƙwararru kuma su yi cinikin 'yan wasa. Abin da tsarin ya tilasta shi ne bayani. Mark Murphy, wanda ya shugabanci ƙungiyar har dokar cika shekara 70 ta sauke shi a Yulin 2025 Ed Policy ya gaje shi, yakan amsa tambayoyin magoya baya a rubuce duk wata, har da masu zafi. Duk shekara kuma shugaba da manaja sukan tsaya gaban dubban masu takarda su yi bayanin abin da suka aikata.

Mai goyon baya a matsayin labari

Magoya bayan Green Bay su ma kayan labari ne. Tun 1960 ba a bar kujera ba a saya ba a wasan gida, kuma jerin masu jiran tikitin kaka ya haura 100,000, har iyaye kan rubuta sunan jariri. A sansanin horo yara kan kawo kekunansu 'yan wasa su hau zuwa filin atisaye. Idan ƙanƙara ta rufe kujeru akan kira mutanen gari su zo su kwashe ta da shebur. Hular soso mai siffar cuku ta mayar da zagin da ake wa mutanen Wisconsin abin ado. Tsallen da ɗan wasa kan yi ya faɗa hannun 'yan kallo bayan ya ci, LeRoy Butler ne ya fara shi a Disambar 1993. Har yanzu ana ba da labarin wasan 31 ga Disamba 1967 da Dallas Cowboys, zamanin koci Vince Lombardi, wanda aka buga cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, 'yan kallo kuma suka zauna har ƙarshe. NFL tana son waɗannan hotuna, domin suna rufa wa gasar attajirai asiri da mayafin ƙauye.

Kammalawa

Masu suka sukan ce takardar Packers kayan ado ne mai tsada, an karɓi kuɗin talaka an ba shi abin rataya a bango. Ta fuskar kuɗi da iko, maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Sai dai wannan nazari ya nuna ma'aunin bai cika ba. A gasar da wasa ke ɗaukar kwana 17 labari ya ɗauki sauran, wanda ya san abin da ke gudana ya samu kaso mafi tsoka na abin da ake sayarwa. Mai goyon bayan wata ƙungiya yana jin abin da uban gida ya ga dama ya faɗa. Na Green Bay yana ganin lissafi, yana da ranar da shugaba zai tsaya gabansa, yana kuma kwana da sanin cewa ba zai farka ya ji an loda ƙungiyar a mota ba. Dala 300 ɗinsa abin da ta saya ke nan.