Farfesa Niklaus Wirth, Mai Harshen Kwamfuta na Pascal

Niklaus Wirth masanin ilmin kwamfuta ne ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya shafe rayuwarsa yana bincike a kan harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su. Irin wannan harshe ba na baka ba ne. Tsararrun kalmomi ne da alamomi da ake rubutawa domin na'ura ta san abin da za ta yi, kamar lissafin albashin ma'aikatan ƙaramar hukuma.

An haife shi a garin Winterthur a shekarar 1934. Ya yi digiri na farko a fannin injiniyan lantarki a jami'ar ETH ta birnin Zurich a 1959, na biyu a Jami'ar Laval ta Kanada a 1960, sannan na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Amurka, a 1963. Bayan ya koyar a Jami'ar Stanford, sai ya koma gida, inda ya zama farfesa a ETH daga 1968 har ya yi ritaya a 1999.

Babban aikinsa shi ne harshen Pascal, wanda ya fito a 1970, kuma ya raɗa masa sunan Blaise Pascal, masanin lissafi Bafaranshe. A wancan lokaci harsunan kwamfuta sai ƙara girma suke yi suna wahalar koyo. Wirth ya ɗauki akasin wannan hanya: ya tsara harshe mai ƙa'idoji kaɗan, wanda yake tilasta wa ɗalibi ya bayyana nau'in kowane bayani kafin ya yi amfani da shi. Ta haka ake kama kurakurai da yawa tun kafin shirin ya fara aiki. Wasu sun ga tsaurin ya yi yawa, amma a wajen koyarwa shi ne alherinsa. Saboda haka Pascal ya bazu a manyan makarantun duniya, har da jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na Najeriya, kafin harsuna irin su Java da Python su karɓe wurinsa.

Daga baya ya ƙirƙiro Modula-2 da Oberon, sai dai ba su samu karɓuwa irin ta Pascal ba. An ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fannin, a 1984. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2024, yana da shekara 89.