'Yan Matan Zango da Lasisin Gyaran Jirgin Sama

Filin jirgin saman Accra tafiyar 'yan mintoci ce daga unguwannin Zango na Nima da Maamobi, Alajo ma ba ta da nisa. Duk da haka, da wuya a ji budurwar Zango ta ce burinta ta zama injiniyar gyaran jirgi. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne addini da auren wuri. A ganina wannan bayani ya yi arha. Ƙididdigar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta nuna mata kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal na masu gyaran jirgi a duniya, kuma a Amurka, inda babu malamin makaranta da za a ɗora wa laifi, ba su ma kai haka ba.

Matsalar tana cikin tsarin sana'ar. Yaron da ya koyi gyaran mota a garejin unguwa, maigidansa ne ke yaye shi, masu motoci su shaide shi. Jirgi kuwa ba ya tashi sai mai lasisi ya sa hannu, lasisin kuma hukumar sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, ce ke bayarwa bayan jarrabawa da Turanci da shekarun aiki a wurin gyara da ta amince da shi. Tun da kamfanin Ghana Airways ya durƙushe a 2004, wuraren samun wannan horo suka yi ƙaranci. Idan gurbi ya yi kaɗan, mai hanya ne ke samu, kuma 'yar Zango ba ta da kawu a ma'ajiyar jirage.

Za a iya cewa ai an ga waɗanda suka keta. Melody Danquah ta tuƙa jirgin soja ita kaɗai a 1964, zamanin Nkrumah. Patricia Mawuli ta fara da cire kututture a filin jirgi na Kpong a 2007, ta kai ga samun shaidar gyaran injin jirgi na Rotax. Amma ta farko gwamnati ce ta buɗe mata ƙofa da gangan, ta biyu kuwa filin ne ya zo kusa da ita. Ba jarumta kaɗai ta kai su ba.

Inda ake rasa 'yan matan namu shi ne lokacin zaɓen fanni bayan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BECE. Wadda aka tura fannin girki da ɗinki, ko da sakandare ta zama kyauta tun 2017, ta yi sallama da kimiyyar da sashen injiniyan jirage na jami'ar KNUST a Kumasi ke nema. Asusun Raya Zango, da aka kafa a 2017 ɗin, zai fi amfani idan ya ɗauki nauyin 'yan mata tun daga makarantar fasaha ta ATTC da ke Kokomlemle, maƙwabciyar Nima, har zuwa kwalejin jiragen sama ta Zariya ko ta Addis Ababa, sannan ya ƙulla yarjejeniyar gurbin koyon aiki da kamfanoni irin su Africa World Airlines da PassionAir kafin su kammala.