Datsa Rassan Farin Safote a Lambun Gida: Hujjar Fara Gyara Tun Bishiya Tana Dashe

Tsakure

Maƙalar ta duba saɓanin da ke tsakanin masu lambu kan datsa bishiyar farin safote, wadda masana tsirrai ke kira Casimiroa edulis. Ta kwatanta abin da aka rubuta daga jihohin Kalifoniya da Fulorida na Amurka, ta auna shi da yadda bishiyar ke girma. An gano cewa gyaran da ke da amfani shi ne na shekaru uku na farko, kuma sarar babbar bishiya don a rage mata tsawo yakan jawo ɓarnar da ta fi wadda ake gudu.

Gabatarwa

Asalin farin safote tsaunukan tsakiyar Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya, kuma danginsa ɗaya da lemo. 'Yan mishan na ɗariƙar Faransiskan ne suka kai shi Kalifoniya wajen 1810. Yau ana nomansa a Ostireliya da Afirka ta Kudu da Isra'ila, a Habasha ma sananne ne da sunan kazmir. Ɗansa kan kai girman lemon zaƙi, fatarsa siririya ce, tsokarsa mai laushi da zaƙi, ƙwallonsa kuma ba a ci domin yana da guba. Bishiyar da aka bari ta yi yadda ta ga dama tana iya haura mita 15. A nan matsalar mai lambun gida take: ɗan da ya faɗo daga wannan tsawo ba ya isowa ƙasa da sauran amfani.

Bitar ayyukan da suka gabata

Wilson Popenoe (1920) da Julia Morton (1987) sun yi bayanin asalin bishiyar da ire-irenta da yadda ake yaɗa ta. Morton ta nuna cewa wadda aka shuka daga ƙwallo takan yi shekara 7 zuwa 8 kafin ta fara 'ya'ya, mai aure kuwa 3 zuwa 4. Ba mu da ja a kan wannan.

Jayayyarmu da ra'ayoyi biyu ce da suka yaɗu a bakin masu lambu. Na farko yana cewa tunda dangin lemo ce, a bar ta kamar lemo, a cire busasshen reshe kawai. Wannan ƙiyasi bai zauna ba. Lemo da kansa yake yin rassa tun yana ƙarami, ya dunƙule ya yi wa kansa inuwa. Dashen safote kuwa miƙewa yake yi sambal kamar sanda, wani lokaci ya wuce tsayin mutum bai fitar da reshe ko ɗaya ba. Zama dangi ɗaya a littafin masana bai sa ɗabi'ar girma ta zama ɗaya ba. Ra'ayi na biyu ya fi haɗari, domin yana da kamar hikima: a bar ta ta girma, idan ta yi tsawo a sare kanta. Masu wannan magana sun aro dabarar ne daga bishiyoyin ƙasashen sanyi irin su tuffa, masu zubar da ganye su yi barci a hunturu. Safote ba ya irin wannan barci.

Hanyar bincike

Bincike ne na nazarin rubuce-rubuce. An kwatanta rubutaccen jagora na ƙungiyar California Rare Fruit Growers ta Kalifoniya da wanda Jonathan Crane da Carlos Balerdi na Jami'ar Fulorida suka rubuta wa masu lambun gida, aka ɗora su a kan abin da aka sani game da girman toho da ƙarfin mahaɗar rassa.

Sakamako da tattaunawa

Abu na farko da ya fito fili shi ne dalilin miƙewar dashen. Tohon da ke can ƙoli yana sakin sinadarin oksin, wanda ke gangarowa ya danne idanun da ke hammatar ganye, ya hana su tsirowa. Muddin ƙolin yana nan, bishiya sama za ta yi ta tafiya. Da zarar an tsinke shi da farce ko almakashi, sai idanu uku ko huɗu na ƙasa da shi su farka. Shi ya sa jagoran Kalifoniya ya ce a tsinke ƙoli bayan dasawa, a kuma cire furen farko don ƙarfi ya tafi ga jiki. A ganinmu daidai ƙugun mutum ne wurin da ya dace a yi tsinkar farko, sannan a sake tsinke kowane sabon reshe idan ya kai tsawon kamu biyu.

Sai dai fitar rassa ba shi ne ƙarshen aiki ba. Icen safote mai gautsi ne, kuma inda yake karyewa sananne ne: gwafa, wato mahaɗar reshe da gangar jiki. Idan mutum ya duba gwafar da ta matse sosai, zai ga wani baƙin layi ya nutse tsakanin rassan biyu. Ɓawo ne ya maƙale a ciki, ya hana ice haɗuwa da ice. Daga waje gwafar lafiya lau take, amma ranar da reshe ya yi nauyin 'ya'ya iska ta taso, daga wannan layi za ta tsage, sau da yawa har ta yage gefen gangar. Reshen da ya kwanta shimfiɗe shi ma nauyi na karya shi. Wanda ke ɗorewa shi ne na tsakani, mai buɗewar digiri 45 zuwa 60. Wannan zaɓi kuwa ba ya yiwuwa sai reshe yana da kaurin yatsa, lokacin da ake iya cire shi da yanka ɗaya, ko a tokare shi da ɗan kara ya buɗe. Bayan shekara biyar, reshen nan ya zama ginshiƙi, cire shi rauni ne babba.

Daga nan ake gane illar sarar babbar bishiya. Idan aka datse manyan rassa, kututturen yakan amsa da tsirrai barkatai, dogaye, marasa ƙwari, waɗanda suka fito daga saman ɓawo ba su kafu cikin ice ba. Jagoran Kalifoniya ya yi wannan gargaɗi a sarari. Ga shi kuma fure yana fitowa ne a rassan da suka ƙosa, don haka mai sara ya zubar da amfanin baɗi da hannunsa. Ɓawon da ya saba da inuwa kuma, idan aka tone shi ga rana, ƙonewa yake yi ya tsattsage, sai an shafa masa farin fenti da aka sirka da ruwa.

Za a iya cewa ai jagoran Fulorida ya yarda a riƙe bishiya a tsawon mita 3 zuwa 4 da rabi. Haka ne, amma abin da ya ce shi ne a riƙa zaɓen 'yan rassan sama ana cirewa bayan girbi. Wannan riƙo ne na shekara-shekara ga bishiyar da aka riga aka tsara, ba izinin dawo da mai mita 12 ƙasa a rana ɗaya ba. Lokacin ma ya bambanta: a Fulorida 'ya'ya kan nuna wajen Mayu da Yuni, a Kalifoniya galibi daga Oktoba. Iri kamar Suebelle, mai fure da 'ya'ya kusan duk shekara, ba shi da wani "bayan girbi" tsayayye, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Sauran sharuɗɗan ba su da gardama. A dasa safote nesa da gini da kamar mita 8 saboda saiwoyinsa masu yawo ne, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Wasu ire-iren ba su da ƙurar fure mai aiki, shi ya sa ake dasa irin da ake kira Vernon kusa da su don ya ba su ƙurar.

Iyakokin bincike

Gaskiya ne ba gwajin fili aka yi ba, kuma jagororin biyu daga ƙasa ɗaya suka fito. Tsawon da muka ba da na tsinkar farko ra'ayinmu ne, wani na iya ƙarawa ko ragewa. Wannan bai taɓa asalin hujjar ba, domin yadda oksin ke aiki da yadda matsattsiyar gwafa ke tsagewa ba su canzawa da canjin ƙasa.

Shawara

Mai sabon dashe ya tsinke ƙoli tun a shekarar farko, ya zaɓi rassa uku ko huɗu masu buɗaɗɗiyar gwafa, ya cire sauran. Wanda ya gaji doguwar bishiya kuwa kada ya sare kanta: ya rarraba aikin a kan shekara uku, babban reshe ɗaya ko biyu bayan kowane girbi, yana yankewa daga mahaɗa.