Turmin da Ake Kira Tende: Sunayen Kiɗa da Rawa a Tamanrasset

Idan aka ce wa Bahaushe yau da dare akwai tende a wata unguwa ta Tamanrasset, ko a ƙauyukan duwatsun Ahaggar irin su Tazruk da Idelas, zai zaci sunan wata ganga ce ta musamman. A Tamahak, harshen mutanen wurin, tende turmi ne kawai, turmin daka na itace. Sai dai an ɗora wa kalmar kaya masu yawa. Gangar da ake mayar da turmin tende ce, waƙoƙin da mata ke rerawa a kanta tende ne, taron da ake yi dominta shi ma tende ne.

Haɗa ta ba wuya. Ana jiƙa fatar akuya a rufe bakin turmi da ita, a ɗaure da igiya. Sai a kawo taɓarya biyu a gitta su gefe da gefe, a sarƙe su da igiyar, mata biyu su zauna a kansu domin nauyinsu ya ja fatar ta ɗame. Makaɗiyar tana zaune a ƙasa tana bugu da tafin hannu, jifa-jifa tana yayyafa wa fatar ruwa kada muryarta ta canja. A gefe wata ta kife ƙwarya a kan ruwa tana dukanta, abin da suke kira asakalabu, mu kuma muka sani da kiɗan ruwa. Gari na wayewa a kwance fata, turmi ya koma aikin gero. Makiyayin da ke tashi da tantinsa ba ya son ƙarin kaya a bayan raƙumi, shi ya sa gangarsa take cikin kayan girki. Yanzu ma idan turmi ya yi nisa, jarka tana rufa asiri, kuma sunan bai canja ba.

Abin da ke bambanta wannan tende da waccan shi ne kalmar da ke biyo bayanta. Tende n emnas ta raƙuma ce. Mata su dunƙule wuri ɗaya suna tafi da guɗa, samari su yi ado su hau raƙuma suna kewaya su, kowane raƙumi yana ɗaga ƙafa daidai da bugun turmi. Wannan kewayen shi ne ilugan. Ana yin sa a biki da suna, shi ne kuma ake nuna wa baƙi masu yawon buɗe ido, shi ake bugawa a hotunan talla.

Ɗayar ba a cika ɗaukar hotonta ba. Sunanta tende n gumatan, kuma da dare ake yin ta, don wanda ya kamu da ciwon da ake dangantawa da Kel Essuf, yawanci mace. Kel na nufin mutanen wuri kaza, kamar yadda ake cewa Kel Ahaggar ko Kel Ayar. Essuf kuwa kalma ce mai faɗi: dajin da babu kowa essuf ne, kaɗaici essuf ne, kewar gida da ta masoyi ma haka. Saboda haka Kel Essuf su ne mazauna inda ba mutane, kusa da abin da muke cewa mutanen ɓoye ko 'yan dawa, amma sunan yana ɗauke da alamar ciwon a cikinsa. Wadda suka taɓa takan daina magana, ta ƙi abinci, ta ware kanta. Maganin shi ne a tara mata jama'a da kiɗa har ta dawo cikin mutane. Susan Rasmussen, wadda ta zauna da Kel Ewey na ƙasar Azbin ta fitar da littafi a kan wannan al'ada a 1995, ta bayyana yadda marar lafiyar ke zaune tana kaɗa kai da kafaɗa hagu da dama, a hankali da farko, har abin ya yi ƙarfi ta faɗi. Kalmar essuf ce kuma samarin da suka kafa ƙungiyar Tinariwen a Tamanrasset wajen 1979 suka laƙaba wa kiɗan jitarsu: assuf, kiɗan kewa.

Na sha jin 'yan uwanmu suna fassara tende n gumatan da borin Buzaye. Fassarar ta yi gaggawa. A bori kowane iska yana da suna da hali da kiɗansa, ko Sarkin Rafi ne ko Inna ko Ɗan Galadima. Yana hawa dokinsa ko goɗiyarsa, ya yi magana da bakinsu, ya faɗi abin da yake so. A tende n gumatan ba a jiran iska ya yi jawabi. Matar shiru take yi, masu waƙa ne ke magana a madadinta. Inda suka yi kama shi ne a idon malamai, waɗanda Abzinawa ke kira ineslemen, wato Musulmi: su ma can ba sa kallon abin da idon rahama.

A Ahaggar kanta, rawar da aka fi sani da faɗuwar masu rawa ita ce tazengharet. Mata suna tsaye suna waƙa da tafi, maza suna rawa suna fitar da wani gurnani daga maƙogwaro, numfashi na bin numfashi, har wani ya fita hayyacinsa a riƙe shi. Wannan rawa ta iklan ce, zuriyar bayin da suka yi wa manyan gidaje kiwo da daka da ɗiban ruwa.

A nan ne sunan da mu Hausawa muke kiran mutanen ya shigo. Mun saba duk mai rawani da takobi da ya fito daga arewa mu ce masa Buzu. Asalin kalmar a bakinmu bawan Abzinawa take nufi, daidai da iklan a harshensu da Bella a bakin Zabarmawa da Sanwayawa. Su kuwa sunan da suke kiran kansu ya danganta da yanki: Imuhagh a Ahaggar, Imajeghen a Azbin, ko a dunƙule Kel Tamashek, masu harshen Tamashek. Idan muka ce rawar Buzaye muna nufin komai da komai, mun ɓata wa ɗan babban gida rai, mun kuma shafe gaskiyar cewa wasu raye-rayen na zuriyar bayin ne su kaɗai, su suka ƙirƙira, su suka riƙe.

Bambancin ya fito fili idan aka dubi abin da hukumomi suka zaɓa su adana. Imzad goge ne mai tsirkiya ɗaya, ƙwarya da fata, kuma sunan na nufin gashi, saboda da gashin doki ake yin tsirkiyar. A wurinmu goge na maza ne, a wurinsu mace ce kaɗai ke goga shi, kuma kiɗan manyan gidaje ne. Da shi aka san Dassin, wadda ta yi zamani da Amenokal (sarkin Ahaggar) Musa ag Amastan da kuma Charles de Foucauld, Bafaranshen da ya zauna a Tamanrasset daga 1905 har aka kashe shi a 1916, ya bar ƙamus na Tamahak mai juzu'i huɗu. Da masu goga imzad suka kusa ƙarewa, an kafa ƙungiyar ceto shi a 2003, aka gina masa gida a Tamanrasset, Dar Imzad, inda 'yan mata ke koyo. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. A 2014 aka ƙara da Sebeiba ta garin Janet, can gabas, inda mazan unguwannin El Mihan da Azelwaz ke gasar rawa ranar Ashura, takobi a hannu ɗaya, ƙyalle a ɗayan, mata na kaɗa musu abin da suke kira ganga, yadda muke faɗa ba ragi ba ƙari. Tazengharet ba ta cikin jerin.

Idan aka kwatanta da wata ƙasa, a Japan akwai raye-rayen addinin Shinto da ake kira kagura, kuma masana sun ce sunan ya samo asali daga kalmar da ke nufin mazaunin abin bautarsu. Wadda ƙauyukan Take da Otsugunai ke yi a gindin dutsen Hayachine, a lardin Iwate, ta shiga jerin UNESCO a 2009 da sunan dutsen, ba a ɓoye cewa ibada ce a wurin masu ita ba. Ko mutum bai yarda da aƙidar ba, ya san me aka adana da kuma na su wane ne. A Sahara abin da ake yi shi ne a ɗauki mai kyan gani a kai dandali, a bar na dare a bayan gari. Marigayiya Badi Lalla, wadda aka haifa a In Gezzam a 1937, ta kai tende manyan dandamali tare da masu jita, kuma ta cancanci yabon da ta sha. Amma tenden dandali ba ta da marar lafiya a tsakiyarta.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan hanya. Daga Agadas zuwa Arlit, Asamaka, In Gezzam har Tamanrasset, ana ciniki da Hausa a tasha da kasuwa. Ɗan jaridarmu ko ɗalibin da ya isa can ya ji bugun turmi, ya tambaya tenden mece ce kafin ya rubuta. Idan tazengharet ya gani, ya rubuta ta da sunanta, ya kuma faɗi su wane ne masu ita.