Tarihin Maganin Tari na Kwalba

Zancenmu na yau a kan maganin tari ne, irin wanda ku ke saye a kanti ba da takardar likita ba. Ku ji tarihinsa tukuna, don wanda ya san asalin abu ba a ruɗinsa.

Cikin 1832 wani masani a Faransa, Pierre Robiquet, ya fid da kodin daga ofiyam, watau ƙaron wani tsiro mai sa maye. Kodin ya kan kwantar da tari, amma ya kan kama mutum har ya kāsa rabuwa da shi. Cikin 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da hiroyin, a kan wai maganin tari ne wanda ba ya kama mutum. Ashe ya fi kodin kamu, har Amurka ta hana yinsa cikin 1924. Mu ma a Nijeriya, da samari suka mai da maganin tari mai kodin abin maye, Gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi cikin 2018.

Hatsari na biyu shi ne ruwan da a ke dama maganin da shi. Cikin 1937 wani kamfani a Amurka ya narka magani cikin dayetilin gilaikol, ruwa mai zaƙi amma dafi ne mai kashe ƙoda. Mutum fiye da 100 suka mutu. Shekara na kewayowa aka kafa doka, sai an tabbata magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Duk da haka, cikin 2022 irin wannan dafi cikin maganin tari ya kashe yara wajen 70 a Gambiya.

To, ga abin da tarihin nan ya koya mana. Tari hanya ce da jiki ke fid da majina. In ƙirjinka cike ya ke, kada ka sha mai danne tari. Nemi mai sassauta majina, ka yawaita shan ruwa. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba. Auna da ma'aunin da ya zo da ita, ba da cokalin gida ba. Kada ka gama magani biyu, gama wataƙila dukansu akwai farasitamol ciki, yawansa kuwa ya kan lalata hanta. Yaron da bai kai shekara 6 ba kada a ba shi sai da izinin likita. Zuma ta kan taimaka, amma ban da jaririn da bai cika shekara ba.

Tarin da ya wuce mako 2, ko mai jini, ko mai tafe da rama da gumin dare, a je asibiti a auna kākī, ko tarin fuka ne. Yaro kuwa in yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na faɗawa, a kai shi ran nan, kada a kwana.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.