Injin da Ba Ya Shan Ruwa: Ƙananan Jiragen Sama da Yaƙin Fara a Damargu

Tun kafin zuwan Nasara, Damargu ita ce rumbun Abzin. Ayarin Buzaye kan sauko daga duwatsun arewa da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsin da Dagirawa da Hausawa suka noma a ƙasar Tanut da Gangara da Tarka. Ta nan kuma babbar hanyar fatake ta ratsa daga Kano zuwa Tarabulus. Sai dai ƙasar da ke bakin hamada tana da maƙwabciyar da ba a zaɓa ba, wato farar ɗango, wadda ke ƙyanƙyasa a Tamesna da Abzin da kewayen Tarmit idan damina ta yi kyau a can. Gonakin Damargu na cikin na farko da take tararwa in ta nufo kudu. Saboda haka tarihin jirgin sama a wannan yanki ya fi jingina da tarihin fara, da na wani ɗan ƙaramin inji wanda iska kaɗai ke sanyaya shi.

Jiragen da suka fara keta sararin wannan sashe na Afirka suna ɗauke da injuna masu nauyi, waɗanda ruwa ke sanyayawa kamar na mota. A watan Fabrairu na 1920, jiragen Faransa biyu ƙirar Breguet suka tashi daga Tamanrasat da nufin ƙetare Sahara. Wanda Kwamanda Vuillemin ke tuƙawa ya samu ƙetarewa. Ɗayan, wanda ke ɗauke da Janar Laperrine, ya ɓace, mai ya ƙare masa, ya kife cikin rairayi. Janar ɗin ya mutu ranar 5 ga Maris, abokan tafiyarsa biyu kuwa sun rayu har da shan ruwan da ke sanyaya injin, kafin sojan raƙumi su tsince su. Jirage uku na Ingila da suka sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925, da ayarin jiragen Potez 25 da Vuillemin ya jagoranta ta Zinder a 1933, duk masu injin ruwa ne. A ƙasar da rijiya ke da zurfin gaba da yawa, irin wannan inji yana da rauni bayyananne: tiyo guda ya fashe, ruwa ya tsiyaye, inji ya ƙone.

Maganin wannan rauni shi ne injin da iska ke sanyayawa. A 1927 Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika cikin awa 33 da rabi da injin Wright wanda iska ke sanyayawa, duniya ta ga cewa ana iya dogara da shi. A 1931 kamfanin Continental ya fitar da ɗan inji mai suna A-40, mai silinda huɗu a kwance, biyu a dama biyu a hagu, ƙarfinsa bai kai na doki 40 ba. Kamfanin Lycoming ya bi sahu a 1938. Daga wannan tsatso ne injunan mafi yawan ƙananan jirage suka fito har yau.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A jikin kowace silinda akwai siraran fika-fikan ƙarfe jere kamar haƙoran mataji. Iskar da farfela ke turowa, da wadda gudun jirgi ke kawowa, tana shiga ta hancin jirgin, ta ratsa tsakanin fika-fikan, ta kwashe zafi ta fice ta ƙasa. Man inji ma yana ɗauke wani kaso na zafin. Kowace silinda tana da buji biyu, kuma injin yana da na'urori biyu masu ba da wuta da kansu ba tare da batir ba, domin in ɗaya ta mutu ɗayar ta kai matuƙi gida. Farfela tana ɗaure kai tsaye a kan sandar injin, wadda ba ta wuce juyi wajen 2,700 a minti. Kayan da ke cikinsa kaɗan ne, don haka abin da zai lalace kaɗan ne, kuma makaniki ɗaya da akwatin kayan aikinsa yana iya kula da shi a gindin bishiya.

Da wannan inji aka ƙera jiragen feshi: Piper Pawnee a 1959, wanda daga baya ya samu injin Lycoming mai silinda shida da ƙarfin doki 235, sai Cessna 188 da ya fara tashi a 1965 da injin Continental. Suna iya tashi daga ɗan fili na jar ƙasa irin na Tanut, su yi tafiya ƙasa-ƙasa a saman gona. A shekarar 1965 ɗin ne ƙasashen yankin, har da Nijar, suka haɗa ƙarfi cikin ƙungiyar OCLALAV mai cibiya a Dakar, domin yaƙi da fara da tsuntsaye jan-baki. A lokacin an riga an gano dabarar feshin magani mai kauri wanda ba a gauraya shi da ruwa, ana watsa shi kamar hazo, lita ɗaya ko ƙasa da haka a kowace hekta. Inji marar buƙatar ruwa da magani marar buƙatar ruwa, su ne suka sa feshi ya yiwu a ƙasar ƙishirwa.

Amma Sahel ma tana da nata hukuncin a kan wannan inji. Idan rana ta take, iska kan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fika-fikai su kasa sanyaya shi sosai, jirgi mai kaya ya buƙaci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Shi ya sa ake feshi da sassafe, lokacin da fara ma ba ta tashi ba. Ƙura kuwa, in ta tsallake matatar iska, tana cin cikin silinda kamar magagari, injin da ya kamata ya yi awa 1,500 zuwa 2,000 kafin a kwance shi ya gaji da wuri. Ga shi kuma ba ya shan fetur ɗin mota. Nasa na musamman ne, a cikin ganguna ake kawo shi daga nesa.

Babbar matsalar dai ta kuɗi ce da ta sakaci. Bayan 1963 farar ɗango ta lafa shekaru fiye da ashirin, ƙasashe suka ja baya wajen biyan kuɗin ƙungiya, kayan aiki suka tsufa. Da fara ta dawo tsakanin 1986 da 1989, ta tarar da gida a buɗe. A Oktoban 1988 wani garke ya ƙetare teku har tsibiran Karebiyan. Bayan haka aikin feshi ya koma hannun kowace ƙasa. A daminar 2004 ta sake sauka, ta haɗu da ɗaukewar ruwa da wuri, ta cinye gero da ciyawa a arewacin yankin noma, har da Damargu. Yunwar 2005 ta biyo baya. Tsakanin 2003 da 2005 an fesa hekta wajen miliyan 13 a ƙasashen da abin ya shafa, galibi bayan garkuna sun riga sun tashi. Garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana iya cin abincin mutum 35,000 a yini, ya kuma yi tafiyar kilomita 150. Manomin Belbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ba ya buƙatar lissafi kafin ya san ma'anar wannan.

Feshin kansa ba ya rasa illa. Maganin dieldrin da aka dogara da shi a da an daina amfani da shi saboda yana daɗewa a ƙasa da jikin dabbobi. Makiyayi yana tsoron ciyawar da aka fesa, macen da ke soya fara ta kai kasuwar Damagaram tana tsoron farar da magani ya taɓa. Wannan ya sa aka gwada, a gabashin Nijar cikin shekarun 1990, wani magani da aka samo daga naman gwari, mai kashe fara ya bar tsuntsu da dabba.

Yau manyan jiragen feshi sun fi amfani da injin da ke shan kananzir, wanda ya fi sauƙin samu, tauraron ɗan Adam kuma yana nuna inda ciyawa ta tsiro a Tamesna. Cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa, wadda aka kafa bayan masifar 2004, ta fi mai da hankali ga ƴan sintiri da ke bin ƙwanso tun bai yi fiffike ba, domin rigakafi ya fi magani. Duk da haka ɗan injin mai fika-fikai ya bar darasi ga masu mulki da masu noma. An ƙera shi ya jure zafi da ƙishirwa, ya kuwa jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne shekarun da ba fara, lokacin da ake mantawa da shi a rumfa, ba mai, ba makaniki. Jirgin da zai ceci geron Damargu a watan Satumba, tun cikin bazara ake gyaransa.